Akawun Da Ya Ƙi Kama Bakinsa

A wannan mako takarda guda ɗaya tak za mu ɗauka, domin amsarta tana da ɗan tsawo. Ta fito ne daga wani manomi kuma mai sayar da hatsi a wani ƙauye cikin ƙasar Katsina, wanda ya roƙe mu kada mu ambaci sunansa, mun kuwa amince.

TAMBAYA: Ya ce a taron ƙungiyarsu ta manoma ya miƙe ya ce lissafin takin zamanin da aka sayo da kuɗin 'yan ƙungiya bai cika ba, buhunan da aka raba ba su kai waɗanda aka ce an sayo ba. Ko mutum ɗaya bai goya masa baya ba. Tun daga ranar wasu suka daina amsa gaisuwarsa, ana ce masa mai ta da zaune tsaye, har surukinsa ya aiko masa da cewa ya kama bakinsa. Shi ne yake tambaya, shin a tarihi an taɓa samun mutum ɗaya ya saɓa wa jama'a da hukuma, daga baya kuma aka gane shi ke da gaskiya? Ko kuwa dai ya haƙura ya bi yarima a sha kiɗa?

AMSA: To Malam, mun gode da wannan takarda taka. An yi irin waɗannan mutane, ba ɗaya ba, ba biyu ba, musamman a farkon ƙarni na 20, watau daga 1900 zuwa wajen 1925, lokacin da Turawa ke kan ganiyar mulkin mallaka, kuma suka tsunduma cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Zan ba ka labarin guda daga cikinsu, domin shi ma maganarsa daga lissafi ta faro, kamar taka. Zan faɗa maka inda ya yi daidai, da abin da ya same shi, da kuma inda ya kauce hanya.

Sunansa Edmund Morel. An haife shi a birnin Faris a 1873, ubansa Bafaranshe, uwarsa 'yar Ingila. Uban ya rasu tun yana ƙarami. A 1891 ya sami aikin akawu a birnin Libaful, a kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster, wanda tsofaffinmu da suka yi aiki a Ikko suka san jiragensa sarai. Wannan kamfani shi ke da kwangilar jigilar kaya tsakanin Beljiyam da ƙasar Kwango. Da yake Morel yana jin Faransanci, sai aka riƙa tura shi tashar jiragen ruwa ta Antwerp a Beljiyam, ya duba sauke kaya da lodinsu.

Kafin mu ci gaba, bari in bayyana halin da Kwango take ciki a lokacin. Ita ce ƙasar da babban birninta yake Kinshasa, wadda aka taɓa kira Zayar. Daga 1885 zuwa 1908 wannan makekiyar ƙasa mallakar mutum ɗaya ce, Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam, kamar yadda mutum zai mallaki gonarsa. Ya gaya wa duniya cewa ya shiga ne don ya hana cinikin bayi, ya kawo wayewa da ciniki, aka kuwa yi ta yabonsa. Ana nan sai a 1888 wani likitan dabbobi mai suna Dunlop ya fito da tayar keke mai iska, daga nan kasuwar roba ta buɗe, ga keke ga mota. Dajin Kwango kuwa cike yake da wata irin igiya mai yaɗo a jikin itatuwa, wadda ake tsagawa ruwan roba ya fito.

To, me Morel ya gani a tasha? Ya ga jirage suna isowa maƙil da roba da hauren giwa, kaya masu ɗimbin tsada. Da za su koma kuwa, mafi yawan abin da ake loda musu bindigogi ne da harsasai da hafsoshin soja. Ku 'yan kasuwa ku ne za ku fi kowa gane wannan. In ka ga mota kullum tana fitowa daga wani ƙauye da buhunan gero, amma ba ta taɓa komawa da kuɗi ko gishiri ko atamfa ba, sai kulake da igiyoyi, ai ba sai an gaya maka ba, ka san ba sayen geron nan ake yi ba. Haka Morel ya yi lissafinsa, ya gane cewa ba a biyan mutanen Kwango, da bakin bindiga ake karɓar robar.

Ashe kuwa abin ya ma wuce yadda ya zata. Ana yanka wa kowane ƙauye adadin robar da zai kawo. Sai sojoji su kame matan garin su tsare, ba za a sake su ba sai mazan sun cika ma'auni. Wanda ya gaza a zane shi da bulalar dorina, garin da ya ƙi a ƙone shi. Don kada soja ya ɓata harsashi wajen farauta, akan bukaci ya kawo hannun mutum a matsayin shaidar inda harsashin ya tafi, har ta kai ana yanke hannun masu rai, da yara ƙanana. Masana tarihi sun sha bamban a kan yawan waɗanda suka hallaka ta hanyar kisa da yunwa da cuta, wasu sun kai lissafin har miliyan 10, wasu ƙasa da haka, amma duk sun yarda bala'i ne babba. Wani abu maras daɗin ji kuma, a farkon kafa wannan runduna daga Zanzibar da Afirka ta Yamma aka ɗebo sojojinta, har da Hausawa, kafin a koma ɗibar 'yan ƙasar.

Morel ya kai maganar ga shugaban kamfaninsu, Sir Alfred Jones. To amma kamfani yana cin riba da kwangilar, shi kansa shugaban kuma shi ne ƙaramin jakadan Kwango a Libaful. Sai aka yi masa tayin ƙarin girma a wata ƙasa, ya ƙi. Aka yi masa tayin albashi yana zaune, muddin zai yi shiru, nan ma ya ƙi. A 1901 ya ajiye aiki, yana ɗan shekara 28, ga iyali, ba kuwa wata dukiya gare shi ba. Ya koma aikin jarida. A 1903 ya kafa tasa jaridar da taimakon attajirin nan John Holt, wanda kamfaninsa ya daɗe yana sayen gyaɗa da fatu a Nijeriya. Mutanen Leopold suka ce ai ɗan koren 'yan kasuwar Libaful ne, kasuwar Kwango suke kwaɗayi. Gaskiya ne 'yan kasuwar suna da tasu bukata, amma wannan bai goge lissafin jiragen ba.

A nan, Malam, ka lura da yadda ya yi aikinsa. Bai tsaya zage-zage ba. Ya tattara alƙaluman kamfani, da wasiƙun 'yan mishan da ke zaune a can, da hotunan mutanen da aka yanke wa hannu. Ba kuma shi ne na farko ba, domin tun a 1890 wani baƙar fata ɗan Amurka, George Washington Williams, ya je Kwango ya rubuta wa Leopold buɗaɗɗiyar wasiƙa a kan wannan zalunci, ya rasu a shekarar da ta biyo baya. Morel ya ci gaba da matsa lamba har gwamnatin Birtaniya ta tura ƙaramin jakadanta, Roger Casement, ya shiga cikin ƙasar ya gani da idonsa. Rahotonsa ya fito a 1904 ya gaskata maganar. A shekarar suka kafa ƙungiyar neman gyara a Kwango. Leopold ya naɗa nasa kwamitin bincike don ya wanke kansa, sai ga shi a 1905 kwamitin ya tabbatar da yawancin zarge-zargen. A 1908 gwamnatin Beljiyam ta karɓe ƙasar daga hannun Sarkin. Aikin tilas bai ƙare nan take ba, mulkin mallaka kuma ya ci gaba har 1960, amma dai an karya wancan mugun tsari.

A wannan lokaci Morel ya zama abin yabo a Ingila, manyan malaman coci da 'yan majalisa da marubuta duk suna tare da shi. Tsakanin 1910 da 1911 ya zo Nijeriya, har Kano, ya koma ya rubuta littafi yana yaba noman Hausawa da kasuwancinsu. Ra'ayinsa shi ne a bar ƙasar noma a hannun masu ita, su noma su sayar da kansu, kada a miƙa ta ga manyan kamfanonin Turai a mai da manoma leburori. A wajejen nan ne mai kamfanin sabulun nan William Lever ya nemi manyan filaye don kwakwar manja a Afirka ta Yamma aka hana shi, sai a Kwango ya samu a 1911. Amma kada ku ɗauka Morel yana neman Turawa su tattara su tafi ne. A'a, shi dai gyaran mulkin mallaka yake so, ba kawar da shi ba.

Yanzu ga inda labarin ya juya. A watan Agusta na 1914 yaƙi ya ɓarke tsakanin Jamus a gefe guda, da Birtaniya da Faransa da Rasha a ɗaya gefen. Jama'a suka fito tituna suna murna, samari suna rige-rigen shiga soja. Morel da wasu tsirarun abokansa, ciki har da Ramsay MacDonald, suka kafa wata ƙungiya da ake kira UDC, shi ne sakatarenta. Abin da suke cewa shi ne, wasu 'yan mutane kaɗan ne ke ƙulla yarjejeniya da ƙasashen waje a asirce, talaka kuma shi ke biya da ransa. Don haka suka nemi duk wata yarjejeniya a kawo ta gaban majalisa, kada a miƙa wani yanki daga wata ƙasa zuwa wata sai da yardar mazaunansa, kuma in an zo sulhu kada a wulaƙanta wanda aka ci da yaƙi, don kada a shuka wani yaƙin.

Kai! Nan take waɗanda ke tafa masa jiya suka juya masa baya. Ya rasa takarar majalisa da jam'iyyarsa ta ba shi. Jaridu suka ce ɗan leƙen asirin Jamus ne. Akan turo ɓata-gari su tarwatsa taronsu, masu ɗakunan taro suka daina ba su haya, 'yan sanda suna buɗe wasiƙunsa. Ana cikin haka mutane suna ta mutuwa a fagen fama. A rana ɗaya kawai, 1 ga Yuli 1916, sojojin Birtaniya fiye da 19,000 suka mutu a bakin kogin Somme a Faransa. A 1917 aka binciki gidansa aka kama shi. Laifinsa shi ne ya aika wata ƙasida da ya rubuta zuwa ga wani marubuci Bafaranshe, Romain Rolland, wanda ke zaune a Suwizalan, alhali dokar lokacin yaƙi ta hana aika irin wannan takarda waje ba da izini ba. Aka ɗaure shi wata 6 a gidan yarin Pentonville, yana ɗinkin buhunan gidan waya. Da ya fito a farkon 1918 kansa ya yi fari fat, lafiyarsa kuma ba ta sake komawa daidai ba.

Ba shi kaɗai ya ɗanɗana ba a wannan zamani. A Faransa an harbe Jean Jaurès har lahira ranar 31 ga Yuli 1914 saboda yana ƙoƙarin hana yaƙin. A Jamus, cikin Disamba 1914, Karl Liebknecht shi kaɗai ne a duk majalisa ya jefa ƙuri'ar ƙin ba da kuɗin yaƙi, daga baya aka ɗaure shi, a 1919 aka kashe shi. A Amurka an yanke wa Eugene Debs ɗaurin shekara 10 a 1918 saboda jawabi guda, ya tsaya takarar shugaban ƙasa daga kurkuku a 1920, ya sami ƙuri'a fiye da 900,000. Ka ga ke nan kowace ƙasa tana kiran nata masu saɓani 'yan koren abokan gaba.

To, ramin ƙarya ƙurarre ne. Morel yana cikin kurkuku, a Nuwamba 1917, sabuwar gwamnatin juyin juya hali ta Rasha ta buɗe akwatunan tsohuwar gwamnati ta buga yarjejeniyoyin asirin a jarida. Ciki har da ta Sykes da Picot ta 1916, wadda Birtaniya da Faransa suka raba ƙasashen Larabawa da ke ƙarƙashin daular Turkawa tun ba a ci yaƙin ba. Mu ma nan abin ya taɓa mu. Sojojin Nijeriya sun yi yaƙi da Jamusawa a Garwa da Mora, bayan nan Birtaniya da Faransa suka raba Kamaru tsakaninsu, aka tsaga ƙasar Adamawa, ba a tambayi kowa ba. Mutanen Mubi ba su sami damar faɗin ra'ayinsu da ƙuri'a ba sai a 1959 da 1961. Da aka ƙulla sulhun Versailles a 1919 aka ɗora wa Jamus nauyi mai tsanani, Morel ya yi gargaɗin cewa wani yaƙin aka shuka. Shekara 20 bayan haka, a 1939, Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi.

A zaɓen 1922 tsohon ɗan fursunan nan ya tsaya takara a birnin Dundee ƙarƙashin jam'iyyar Leba. Cikin abokan karawarsa har da Winston Churchill, wanda bai daɗe da sauka daga muƙamin ministan ƙasashen mulkin mallaka ba. Morel ya sami ƙuri'a fiye da 30,000, Churchill wajen 20,000, ya faɗi. A 1924 abokinsa MacDonald ya zama Firayim Minista, a shekarar kuma aka fara al'adar ajiye yarjejeniyar ƙasashen waje a gaban majalisa kwana 21 kafin a tabbatar da ita. Cikin Nuwamba na wannan shekara Morel ya rasu da ciwon zuciya, yana da shekara 51.

Da a nan na tsaya, Malam, da na ba ka rabin labari. Bayan yaƙin Faransa ta girke sojojinta a yankin kogin Rhine na Jamus, cikinsu akwai 'yan Afirka daga Sanagal da Maroko da Aljeriya da Madagaska. A 1920 wannan Morel ɗin, wanda ya tsaya wa mutanen Kwango, ya rubuta a wata jaridar ma'aikata cewa baƙaƙen sojojin nan mutane ne da ba su iya riƙe sha'awarsu, suna ta yi wa matan Jamus fyaɗe. A wannan karo ba shi da littafin lissafi a gabansa, ji-ta-ji-ta ya kwasa, ya haɗa da ƙyamar launin fata, don kawai yana jin haushin Faransa. Binciken da aka yi, har da na kwamandan sojan Amurka da ke yankin, ya nuna an zuzuta abin ƙwarai da gaske. Wani marubuci baƙar fata ɗan Jamaika, Claude McKay, ya rubuta masa raddi, jaridar ta ƙi bugawa, sai wata ƙaramar jarida ce ta buga. Wannan farfaganda ta yi wa 'yan Nazi amfani, har a 1937 suka yi wa ɗaruruwan yaran da sojojin nan suka haifa da matan Jamus aikin da ya hana su haihuwa har abada. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Saboda haka ga amsar tambayarka. Yawan masu goyon baya ba shi ne ma'aunin gaskiya ba, domin mutumin nan guda an tafa masa a 1911, an ɗaure shi a 1917, an zaɓe shi a 1922. Haka kuma zama kai kaɗai ba ya nuna kai ke da gaskiya. Ma'aunin shi ne hujja. Duk inda Morel ya ƙirga kafin ya yi magana, lokaci ya gaskata shi. Inda ya yi magana da zafin rai ba da ƙirge ba, ya cuci bayin Allah.

Shawarata gare ka, ka koma kan lissafinka. Buhu nawa aka ce an sayo, a kan nawa, ina rasiɗi? Mutum nawa suka karɓa, kowa buhu nawa? Ka rubuta a takarda, in ba ka rubutun boko ka yi da ajami, ko ka sa ɗanka ya rubuta maka. Ka nemi mutum ɗaya ko biyu masu mutunci ku duba tare, domin Morel ma sai da ya sami Casement maganarsa ta yi nauyi. A taro na gaba ka roƙi a karanta littafin ƙungiya a gaban kowa. Kada ka kira wani ɓarawo, kada ka taɓo iyayen kowa, ka tsaya a kan buhu da kuɗi. Mai yiwuwa ne akwai kuɗin mota ko na 'yan dako da ba a bayyana muku ba. In ta tabbata kai ne ka yi kuskure, ka miƙe a gaban mutanen da ka yi magana a gabansu ka ce ka yi kuskure, wannan ba zai rage ka da komai ba. Surukinka kuma ka je da kanka ka gaishe shi, ka nuna masa takardar cikin ladabi.

Ba zan ruɗe ka in ce abin ba shi da tsada ba. Ka ji abin da ya ci wa Morel, aikinsa da abokansa da lafiyarsa, Williams kuwa bai ma ga sakamakon wasiƙarsa ba. Kai ka san nauyin da ke kanka, kai za ka auna iyakar abin da za ka iya ɗauka.

Ku kuma sauran 'yan ƙungiya, na san wasunku suna saurare. Mutumin nan kuɗinku yake tambaya, ba nasa shi kaɗai ba. In lissafi daidai yake, buɗe littafi ba zai ɗauke ku rabin sa'a ba, kowa ya huta. Ƙin amsa gaisuwa ba ya cika buhun da ya ɓata. Wanda kuka rufe wa baki bana, baɗi in abin ya faɗo kan ɗayanku, wa zai miƙe ya yi magana?

Malam, muna jiran takardarka ta biyu mu ji yadda taron ya kaya. Jama'a, a nan za mu dakata, lokaci ya yi mana halinsa. A ci gaba da aiko mana da tambayoyi, a rubuta su a fili yadda za su karantu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.